Amsa ga mai tambaya kan bonsai na ume da fulam

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga hoton wata 'yar bishiya cikin kasko, babu ganye ko ɗaya a jikinta sai fure fari da ja, an ce maka bonsai ce, wato bishiyar da ake reno 'yar ƙarama a kasko, ta afirikot ko fulam, itatuwan marmari na ƙasashen sanyi, kana tambaya a ina ake samu, ya ake renonta a Jamus inda kake, kuma ko za ta yi in ka tafi da ita gida Kaduna. To bari in faɗa maka abin da na gani da hannuna, shekara tara ke nan ina fama da su, na kashe wasu na raya wasu.

Wannan da ka gani kusan tabbas ume ce, haka Japanawa ke kiranta, a littafi kuma Prunus mume. Asalinta daga China ne, Turawa wani lokaci su ce afirikot ɗin Japan wani lokaci su ce fulam, shi ya sa sunan ke rikita mutane, amma ta fi kusa da afirikot. Ni na fara ganinta lokacin da nake karatu a Ibaraki ta ƙasar Japan, wani Fabrairu abokai suka ja ni lambun Kairakuen da ke Mito, lambun da aka buɗe tun 1842 kuma akwai ume wajen 3,000 a ciki, sanyi na cin yatsuna amma ƙamshi ya cika ko'ina, wallahi tun ranar abin ya shiga raina. Daga baya na je Nagahama inda suke baje kolin ume na cikin kasko kowace shekara daga Janairu zuwa Maris, can ne na ga tsofaffi masu kututture rabi ya mutu ya rarake amma fure fal a kai, su a wurinsu wannan tsufan shi ne kyan.

Batun samu. Don Allah kar ka sayi iri a intanet, waɗanda ake sa hoton bishiya mai shekara hamsin a jikin leda. Na yi wannan wautar, ƙwallo goma na saya, na sa su a firij wata uku cikin yashi mai laima kamar yadda ake yi, biyu suka tsiro, ɗaya ma da ta girma sai na ga ashe ba ume ba ce sam. Ko da ta gaskiyar ce za ka jira shekaru kafin fure kuma ba lallai ta gaji uwarta ba. Kar kuma ka ce wani zai riƙo maka daga Japan a jaka, kwastam za su karɓe, kuma suna da gaskiya, akwai cutar fulam mai yaɗuwa da aka gano a garin Ome kusa da Tokyo a 2009, sai da ta kai a 2014 aka sare duk ume ɗin babban lambun garin. Ka je gidan sayar da shuke-shuke na kusa da kai cikin Fabrairu, lokacin da suke fure, ka ga launin da idonka ka shinshina. A Turai wadda aka fi samu ita ce Beni-chidori mai ja-ja, sai Omoi-no-mama fara. Yawancinsu masu aure ne kamar mangwaronmu, to ka duba wurin auren, in ya yi sama da yawa ko ya kumbura kamar gwiwa bar ta, wannan tabon ba ya ɓacewa a kasko. Nemi wadda aurenta ke ƙasa dab da saiwa, gindi mai kauri mai ɗan karkata.

Ni da za ka ji tawa ma ka fara da fulam na daji tukuna, Prunus spinosa ko Prunus cerasifera, sun cika shingayen gonaki a Turai, suna da arha, suna fure kafin ganye su ma wajen Maris, kuma suna yafe kuskure, ka yanka ba daidai ba su sake tohowa ta jikin tsohon reshe. In a gonar wani ka gani ka nemi izini kafin ka haƙa, Jamusawa ba sa wasa da wannan.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, datsa. Ume tana fure ne a reshen da ya fito bara, kuma tohonta iri biyu ne, na fure ɓul-ɓul kamar ƙwayar gero ta kumbura, na ganye siriri mai tsini. In furen ya kaɗe sai ka rage reshen, amma dole ka bar tohon ganye aƙalla ɗaya ko biyu a ƙasan inda ka yanka, in ka yanke babu tohon ganye reshen nan ya mutu ke nan, ba magani. Tawa ta farko haka na yi mata, na ga ta yi tsawo na aske ta kamar kan yaro ranar suna, rassa huɗu suka bushe ciki har da wanda na fi so. Tun daga nan in ban tabbata ba ina jira sai tohon ya fara nuna kore sannan in sa almakashi. Kuma tana tsufa tana rowar tohon ganye ta ciki, furen na ta gudu zuwa bakin reshe, shi ya sa tsofaffin masu sana'ar a Japan suke yi wa reshe aure da ɗan'uwansa don su dawo da ganye kusa da gindi. Kar ka yi datsa mai yawa bayan tsakiyar lokacin zafi, a lokacin take haɗa furen baɗi, kai da kanka za ka zubar da shi.

Naɗa waya don lanƙwasa reshe kuma sai reshe na ɗanye, wajen Mayu zuwa Yuni, in ya ƙosa karyewa yake ƙas ba ya lanƙwasuwa. Ƙasar kasko ta zama mai zarar da ruwa, ni akadama, wata ƙasar yumɓu mai tsakuwa-tsakuwa ta Japan, nake haɗawa da dutsen aman wuta mai ramuka, sauyin kasko duk shekara biyu bayan fure. Tana shan ruwa sosai da zafi, tana son rana, taki bayan fure har ganye ya ƙosa. Japanawa kan ɗan rage mata ruwa farkon zafi har ganye ya ɗan naɗe don ta yi fure da yawa, amma kar ka gwada a shekarar farko, tsakanin naɗewa da bushewa yini guda ne. Darɓa na son sabon ganyenta, ka riƙa leƙa ƙarƙashi.

Kuma a waje take kwana, ba a falo ba. In ta buɗe fure ka shigo da ita kwana biyu uku ka sha ƙamshi, ka mayar, zafin hita yana kashe ta. In ƙanƙara ta tsananta ka kare kaskon kawai saboda saiwa.

Sai maganar Kaduna, gaskiya ba za ta yi ba. Bishiyar nan sai ta zubar da ganye ta yi barci na makonni cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba sannan take fure, hunturunmu kuwa da asuba ka ji sanyi, rana na ɗagawa zafi ya dawo, ba za ta yi barcin ba, za ta yi ta ganye a wahale har ta ƙare. Ko mutanen kudancin Biyetnam da suke da zafi irin namu, abin da suke kira afirikot mai ruwan ɗorawa na bikin sabuwar shekararsu wata bishiya ce daban, Ochna integerrima, da hannu suke tsige mata ganye kamar sati biyu kafin bikin don ta yi fure, ita ce za ta iya jure mana. In kuma fure a kan reshe tsirara kake so to ai ga kariya nan a gida, da rani take yin sa ba ganye, ni uku na bar wa ƙanena a kasko, tare da wata tsamiya da na shuka daga ƙwallo shekara shida da suka wuce, jiya ma ya turo min hotonta gindin ya kai kaurin babban yatsa.