Hukuncin Haurawa Babban Tebur a Wasan Poka na Intanet

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne, na gama karatu ban samu aiki ba. Ina buga wasan kartar nan da ake kira poka a intanet, a ƙananan tebura inda ake shiga da dala 10. Ni ban ɗauke shi caca ba, domin karatunsa nake yi, ina lissafi, ina rubuta ci da faɗuwa, kuma in aka haɗa jimla ni ke da riba. Yanzu na tara abin da zai kai ni teburin dala 50. Abokaina sun ce wannan gwaninta ce ba sa'a ba, tamkar kasuwanci. Shin ya halatta in haura? In akwai iyakar kuɗin da bai kamata in wuce ba, a faɗa mini. Da ribar nake taimaka wa mahaifiyata.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, bai halatta ka haura teburin dala 50 ba, kuma na dala 10 da kake kai yanzu shi ma bai halatta ka zauna ba. Iyakar da ka nema ba zan yanka maka ba, domin caca ba zakka ba ce balle a ce tana da nisabi. Kaɗan ɗinta da mai yawanta hukuncinsu ɗaya, sai dai laifi yana ƙaruwa gwargwadon dukiyar da aka ci.

Abin da malamai ke kira caca shi ne mutane su ajiye dukiya a kan wani abu, kowa ya shiga bai san ko zai ci ta abokinsa ko a ci tasa ba. An ruwaito daga Imamu Malik cewa maisir, wato caca, iri biyu ne: na wargi, kamar wasan ɗan lido da dara irin ta Farisawa, da kuma na kuɗi, wato duk abin da mutane ke kasada da dukiyarsu a kansa. Teburin da kake zama ya cika wannan siffa ta biyu ba ragi. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 90: "Ya ku waɗanda suka yi imani, giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, sai ku nisance shi domin ku rabauta." Ka lura da abokan zaman da aka ba caca a ayar. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka. Furucin baki kawai ke nan, ba a kai ga ajiye ko kwabo ba.

Batun gwaninta, wanda shi ne ƙashin bayan tambayarka, ba zan musa maka ba. Akwai gwaninta a wasan. Har wani alƙali a birnin New York ya taɓa yanke hukunci a 2012 cewa ƙwarewa ta rinjayi sa'a a poka. To amma wannan ma'aunin dokar Amurka ne, shari'a ba ta rataya haramcin a kan rinjayen sa'a ba. Ɗauki wasan shaɗaranji, wato darar da Turawa ke kira chess, wanda babu rabon kati a cikinsa sam, tunani ne zalla. Malamai sun yi saɓani a kan buga shi ba kuɗi: mai Risala ya ce bai halatta ba, Shafi'awa suka tsaya a kan karhanci. Amma da zarar kowa ya ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe, babu mai saɓani a cikinsu, haramun ne. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya taƙaita gasar da ake sa wa lada a kan tseren raƙuma da na dawaki da harbin kibiya, saboda amfaninsu ga al'umma, kuma ko a waɗannan ukun mafi yawan malamai ba su yarda 'yan takara biyu kowa ya kasa kuɗinsa haka kawai ba.

Sa'ar ma ba ta tafi ko'ina ba. Kati 52 ne, na'ura ke cakuɗawa ta raba. Mai riƙe da katin as guda biyu, wanda babu hannun da ya fi shi a farkon wasa, in ya kara da mai sarki biyu har ƙarshe, kusan sau ɗaya cikin biyar za a cinye shi. Kai ka fi ni sanin ƙa'idar da gwanayen wasan ke koyarwa game da haurawa: kada ka zauna a tebur sai kana da ninkin kuɗin shigarsa ashirin ko talatin a ajiye, wasu ma su ce fiye. A teburin dala 50 ana maganar dala 1,000 zuwa 1,500 ke nan. Me ya kawo wannan ƙa'ida? Sun san gwani na iya buga daidai ya yi ta faɗuwa makonni a jere. Masu wasan da kansu sun ba da shaidar da malami ke nema.

Abokanka za su ce ai ɗan kasuwa ma yana faɗuwa. Haka ne, amma duba yadda ake tashi daga ciniki: mai saye ya tafi da buhun masara, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa ya samu abin da ya zo nema. A teburinku ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, ba a yi wa kowa aiki ba. Duk dalar da ta shigo aljihunka daga aljihun wani ta fito, kamfanin kuma yana yankar kamashonsa, galibi kusan kashi biyar cikin ɗari na abin da aka tara a kowane zagaye, don haka in aka haɗa mutanen tebur gaba ɗaya kullum a faɗe suke. Ribar da kake rubutawa a littafinka, in ka binciki asalinta, ta wanda bai iya ba ce, ko wanda aka cinye ya fusata yake neman ramuwa da kuɗin cefanen gidansa. Zaɓen teburin da irin waɗannan suka yi yawa yana cikin abin da ake kira ƙwarewar. Cewa sun shigo da yardarsu ba hujja ba ce. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta keɓe kasuwanci bisa yarda. Mai karɓar bashin riba ma da yardarsa yake sa hannu.

Haurawar da kanta tana da abin dubawa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun lissafa buƙatar ƙara kuɗin da ake zubawa a cikin alamomin kamuwa da ciwon caca, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi a jerin cututtuka. Ban ce ka kamu ba, amma ka tambayi kanka sallar asuba nawa ta same ka da waya a hannu, domin aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta ambaci ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Labarin da ke jan matasa shi ne na Chris Moneymaker, wanda ya faro daga intanet ya ci dala miliyan biyu da rabi a Las Vegas a 2003. Ba a cika ba su labarin kamfanin poka na intanet mai suna Full Tilt ba, wanda a 2011 hukumomin Amurka suka dira a kansa, aka tarar ba shi da kuɗin da zai biya masu ajiya. A 2019 kuma wata manhajar kwamfuta ta lallasa ƙwararru a teburin mutum shida, kai kuwa ba ka ganin wanda ke ɗaya ɓangaren. Ko da babu maguɗi ko kaɗan, hukuncin yana nan.

Taimakon mahaifiya niyya ce mai kyau, Allah ya saka maka. Sai dai cacar da ayar ta sauka a kanta ma ta masu kyauta ce. Larabawan Jahiliyya sukan yanka raƙumi su yi ƙuri'a da kibau goma, bakwai masu rabo uku marasa rabo, waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin, waɗanda suka ci su rabar da naman ga matalauta. Suratul Baƙara, aya ta 219, ta yarda akwai amfani a ciki, ta ce zunubin ya fi amfanin girma. Muslim ya ruwaito cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Abin da mahaifiyarka ta riga ta ci ba da saninta ba, babu laifi a kanta.

Ga abin da ya hau kanka. Ka tuba, ka daina daga yau, ba sai ka "buga na ƙarshe" ba. Tun da kana rubuta ci da faɗuwa, lissafin zai zo maka da sauƙi: ka ware abin da ka zuba daga halalinka, wannan naka ne, ka cire shi. Abin da ya hau kai na mutane ne. Da ka san masu shi da su za ka mayar wa, amma tun da a intanet ba ka san su ba, sai ka fitar da shi ga mabuƙata ko aikin amfanin jama'a, da niyyar sauke nauyi ba neman ladan sadaka ba. Wasu malamai sun yi sauƙi ga mai tuba in shi kansa fakiri ne, ya ɗebi gwargwadon buƙata ko ɗan jarin da zai fara sana'a. In halinka ya kai haka kana iya bin wannan, amma ka zauna da malamin da ya san ka ya auna maka, kada ka zama kai ne mai nema kai ne alƙali. Abin da ka riga ka kashe, tuba ta gaskiya ta wadatar in sha Allahu.

Bayan ka kwashe kuɗin ka rufe asusun gaba ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni suna da tsarin da mutum zai hana kansa shiga, ka yi amfani da shi. Wasan kyauta da suke bayarwa ba tare da kuɗi ba, ko da wasu malamai na da sassauci a kan karta marar kuɗi, kai ban ba ka shi ba, domin ta wannan ƙofar ake komawa.

Wallahu a'alam.