Sikirin ya ƙi nuna hoto: yaya ake rubuta gada a bishiyar na'urori?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Tawa. Ina haɗa na'urar da za ta riƙa nuna lissafin wutar sola, a kan kati mai furosesa i.MX8M Mini. Sikirin ɗina LVDS ne, sai na sa cif SN65DSI83 a tsakani. Fitilar baya tana kamawa, amma hoto ko ɗigo babu. Na rubuta cif ɗin ƙarƙashin I2C, shiga a port@0, fita a port@1. Umarnin i2cdetect yana nuna 2c. Me ya rage?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Cif ɗinka lafiyarsa ƙalau, ga dukkan alamu. Lamba ɗaya ce ta kayar da kai.

MIPI DSI da LVDS hanyoyi biyu ne daban na aika siginar hoto. Furosesan nan MIPI DSI kawai yake fitarwa, sikirin kuma LVDS yake ji. Shi ya sa ake sa gada, wato cif irin SN65DSI83 ɗinka, ta karɓi wancan ta mayar da shi wannan. Linux ba ya gano irin wannan haɗi da kansa kamar yadda yake gane abin da aka soka a USB. Sai an faɗa masa a bishiyar na'urori (device tree), wato bayanin abubuwan da ke kan katin, da ake rubutawa a fayil ɗin dts, sannan manhajar dtc ta juya shi zuwa dtb, wanda Linux ke karantawa.

Gada tana da dangantaka biyu. Akwai hanyar da ake ba ta umarni, akwai hanyar da hoto ke bi ya ratsa ta. Mazauninta a bishiya yana bin hanyar umarni, don haka ka yi daidai da ka ajiye ta ƙarƙashin I2C, wato layin da furosesa ke aika mata umarni, da compatible "ti,sn65dsi83" da reg 0x2c, adireshinta a kan I2C. Hanyar hoto kuwa da ports ake zana ta, kuma a nan ka zame. Ƙa'idar wannan cif ta haɗa shi da ƴan uwansa na gida ɗaya, sai aka ware port@0 da port@1 duka don shigar DSI, port@2 da port@3 don fitar LVDS. Naka mai tasha ɗaya ne, saboda haka port@0 da port@2 kake bukata. Direba, wato manhajar Linux mai sarrafa cif ɗin, ya leƙa port@2 neman sikirin, bai tarar da kowa ba, ya janye. Shaidar ma tana cikin wasiƙarka: da direba ya riƙe cif ɗin, UU za ka gani a i2cdetect, umarnin da ke lissafa adireshin abubuwan da ke kan I2C, ba 2c ba.

Lambobin nan ba a cankarsu. Kowane cif da nasa tsari, a rubuce a tushen Linux, cikin Documentation/devicetree/bindings/display/bridge/, naka shi ne ti,sn65dsi83.yaml. Ni dai ba na rubuta layi ɗaya sai na buɗe shi, domin kwafo misalin wani cif daga intanet shi ke cinye wa mutane mako guda.

Bayan gyaran, duba remote-endpoint, layin da kowane port ke nuna wanda aka haɗa shi da shi. Kamar gadar Kennedy ta Yamai, dole ta dafa gaɓa biyu: DSI ya nuna gada, gada ta nuna DSI, haka tsakaninta da sikirin. A ɓangaren shiga ka rubuta data-lanes daidai da layukan da aka ja a katin da gaske. In biyu ne kada ka ce huɗu. Kada ka manta enable-gpios, layin kunna cif ɗin, da vcc-supply, wutarsa ta bolt 1.8.

In ka ga -517 a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, kada hankalinka ya tashi. Direba ne ke cewa yana jiran wani ya shirya, galibi sikirin. In jiran ya ƙi ƙarewa, /sys/kernel/debug/devices_deferred zai nuna maka wanda ya maƙale.

Hoto na iya fitowa launukan a hargitse, fuskar mutum kamar an watsa mata shuni. Wannan data-mapping ne, wato yadda ake jera bayanan launi, a bayanin sikirin: vesa-24 ko jeida-24, takardar masu ƙera shi za ta faɗa maka. Kafin ka ɗora dtb a katin, ka gudanar da make dtbs_check, ya gwada abin da ka rubuta da fayil ɗin yaml. Rashin port@2 yana cikin abin da zai yi maka ƙorafi a kai.