Shin tsamin nono yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma akwai aikin yi a bincikensa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Daura, ina shekarar ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu. Ina so in yi binciken kammala digirina a kan nonon da ake sayarwa a kasuwanninmu, in kuma ci gaba a wannan layi idan Allah ya yarda. Sai dai kakata ta ce wahalar banza ce, domin tsami ya riga ya kashe duk wata cuta, ƙawayena kuma sun ce a asibiti kaɗai ake samun aiki. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki gaida Hajiya, ki gaya mata cewa rabin maganarta gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ne aikin da irinmu muka tsufa a kansa.

Madarar da aka tatso yanzu ba ta da tsami, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, tana wajen 6.6. Idan aka zuba mata ɗan tsohon nono, aka rufe ƙwarya da faifai ta kwana, wasu ƙwayoyi masu amfani suna cinye sukarin cikinta suna mai da shi tsami, har ma'aunin ya sauko kusan 4.5, a nan ne take kamawa ta zama kindirmo. Wannan tsami yana hana ƙwayoyin cuta da yawa hayayyafa, kuma da shi iyayenmu suka adana nono a ƙasa mai zafi irin tamu tun kafin a san firji. Amma hana hayayyafa ba kisa ba ne. Ƙwayar E. coli O157:H7, wadda aka gano illarta ga mutane a 1982, tana jure tsami ƙwarai, kaɗan daga cikinta ya isa ya sa gudawa da jini, a ƙananan yara kuma takan taɓa ƙoda. Haka ƙwayar tarin fuka na shanu, Mycobacterium bovis, ba a dogara da tsamin kwana ɗaya ya gama da ita, ga shi kuma ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magungunan farko da ake ba mai tarin fuka.

Tun da sha'awarki bincike ce, ya kamata ki san labarin Alice Evans, wata masaniyar ƙwayoyin cuta 'yar Amurka. A 1887 likitan soja David Bruce ya gano ƙwayar wani zazzaɓi mai kai da komowa da ya addabi sojojin Ingila a tsibirin Malta, a 1905 kuma wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya gane cewa madarar awaki ce ke ɗauke da ita. An ɗauka magana ta tsaya ga awaki. Evans, wadda ta fara aiki da sashen madara na ma'aikatar gona ta Amurka a 1910, ta kwatanta ƙwayar da ke sa shanu ɓari da waccan ta Malta, ta ga kamar an tsaga kara, sai ta wallafa a 1918 cewa ɗanyar madarar shanu ma tana iya sa wa mutum cutar. Likitoci da masu sana'ar madara suka yi mata ca, wasu don ita mace ce, wasu don ba ta da digirin dakta, wasu kuwa don maganar ta taɓa aljihunsu. A 1922 ita kanta ta kamu da cutar a ɗakin gwaji, ta yi fama da ita sama da shekara 20. Daga baya bincike a ƙasashe daban-daban ya gaskata ta, a 1928 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana ƙwayoyin cuta ta Amurka. Cutar nan, wadda ƙwayar Brucella ke kawowa, ita ce makiyayanmu ke kira bakkale idan gwiwar saniya ta kumbura. A jikin mutum zazzaɓi ne da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, abin da a nan za a yi ta sha masa maganin cizon sauro ko na taifod ba a dace ba.

Maganin waɗannan duka zafi ne. A masana'anta ana riƙe madara a zafin digiri 63 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15, a gida kuwa tafasa ta wadatar. Matan da ke dafa madara kafin su kwantar da kindirmo suna kan daidai, ko da ba su taɓa jin sunan Louis Pasteur, masanin Faransa da ake kiran wannan dabara da sunansa, ba.

Sai dai aikin mai bincike bai ƙare a bakin murhu ba, a ganina ma daga nan yake farawa. A 1985 a jihar Illinois ta Amurka, gwaji ya tabbatar da mutum sama da 16,000 sun kamu da ƙwayar Salmonella daga madarar da aka riga aka dafa a masana'anta, ta gurɓace bayan dafawar. A shekarar 2000 a Japan, wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i a wata masana'anta, madara ta zauna da ɗumi, ƙwayar Staphylococcus aureus ta zuba dafinta a ciki. An dafa, ƙwayar ta mutu, amma dafin ba ya jin wuta, mutum sama da 13,000 suka kwanta. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ba sai an yi masa sharhi ba. Ita kuwa ƙwayar Listeria ko a cikin firji tana hayayyafa, kuma mai juna biyu ta fi yi wa illa.

Yanzu ki bi ƙwarya guda daga ruga zuwa kasuwar Mai'aduwa. An saki maraƙi ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, an tatsa da hannu, iska tana kwaso ƙurar garke. An dafa, an kwantar, da safe an kaɗe mai an bar tsala. A hanya ko a kasuwa an ƙara ruwa don ya yi auki, wani lokaci da garin kuka don ya yi kauri, ruwan kuma ba a san rijiyar da ya fito ba. An dama fura da hannu ko da ludayi, an jefa ƙanƙarar da aka saya a leda, mai sha ya gama an ɗauraye kwano da ludayi a ruwan da aka ɗauraye na mutum goma kafinsa. A wane mataki ƙwayar ta shiga? Wannan ita ce tambayar da ta cancanci digiri. Na karanta kundayen ɗalibai da yawa waɗanda suka sayo nono a kasuwa, suka shuka shi a faranti don ƙwayoyin cikinsa su tsiro, suka jera sunayen ƙwayoyi, suka rufe da cewa a kula da tsafta. Irin wannan ba ya gaya wa mai nono abin da za ta sauya gobe da safe.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki zaɓi mata kaɗan, ki ɗauki samfur a kowane mataki: daga hantsa, bayan dafawa, bayan kwana, bayan ƙarin ruwa, sai a kwanon mai saye, haɗe da samfurin ruwan kansa. Ki auna pH kowane lokaci. A ɗakin gwaji za ki shuka a faranti, ki ajiye a digiri 37 ya kwana, da safe idan E. coli na nan za ki ga ɗigo-ɗigo masu ƙyallin kore kamar bayan ƙudan bola a kan abincin da ake shuka ƙwayoyi a kansa mai suna EMB. Ki tambayi matan kuma ko an yi wa saniya allura kwanan nan, domin ragowar maganin ƙwayoyin cuta yana fita a madara, har yakan hana nono kamawa, su kuma su ɗora laifin a kan baki ko sanyi.

Game da aiki, ƙawayenki sun taƙaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka duba yawan jama'a. Akwai NAFDAC, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato, da ta binciken kiwo da ke Shika kusa da Zariya, akwai jami'o'i, akwai kuma masu yin yogot da ke ƙaruwa a Katsina da Kano, waɗanda kowannensu ke buƙatar mai duba inganci. Ba zan ɓoye miki ba, kuɗin bincike kaɗan ne, kayan gwaji da tsada, kuma sai kin kai digiri na biyu ko na uku kafin a saurare ki sosai.

Kafin ki rubuta komai, ki tabbatar ɗakin gwajinku yana da wutar da za ta riƙe na'urar ɗumama faranti dare guda, ki tanadi kular ajiye sanyi da ƙanƙara don samfur ya isa cikin 'yan sa'o'i, sa'annan ki nemi wani babba ya raka ki wurin Arɗo. Ki sayi nonon da kuɗinki, ki yi wa matan bayani cewa ba kama su aka zo yi ba, ki kuma yi musu alkawarin komawa da sakamakon.