Hukuncin Mai Yawan Suma Tare da Jiri da Zufa

Tambaya: Malam, sau uku ke nan jiri yana ɗibata, zufa mai sanyi ta keto mini, idona ya yi duhu, sai in farka a ƙasa. Biyu sun same ni a tsayuwar sallar dare, ɗaya kuma ina azumi. Mutanen gidanmu sun ce iska ce, ruƙiyya kawai za a yi mini. Mene ne hukuncin alwalata da sallata da azumina?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Ba ya halatta a yanke cewa aljanu ne ba tare da hujja ba, domin abin da kika siffanta yana da sanannun dalilai a wurin likitoci. Suma tana aukuwa ne idan jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci, kuma doguwar tsayuwa, musamman cikin zafi da cunkoso, tana tara jini a ƙafafu har bugun zuciya ya yi sanyi, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Haka nan ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin jini, da juna biyu, da wasu magungunan hawan jini. Akwai kuma faɗuwar sukari ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL na awon sukarin jini, wadda ke zuwa da zufa da rawar jiki, kuma ta fi samun mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin. Mafi haɗari shi ne rikicewar bugun zuciya, kuma wannan ne ya sa nake ganin zuwa asibiti wajibi ne a kanki, tunda abin ya maimaitu. Idan da ciwon ƙirji, ko suman ya zo ana cikin aikin ƙarfi, to kada a kwana ba a je ba. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama ɗan Sharik, kuma ruƙiyya da Alƙur'ani ba ta hana awon jini da na zuciya. A haɗa su.

Alwala tana warwarewa da suma ko da ta ɗan lokaci ce, malamai sun haɗu a kan haka, saboda haka sallar da kika faɗi a cikinta ta ɓaci, sai ki sake alwala ki maimaita ta idan farilla ce. Wanka mustahabbi ne, domin A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wanka bayan ya farfaɗo a jinyarsa ta ƙarshe. A mazhabar Malikiyya babu ramuwar sallar da lokacinta ya fita gaba ɗaya mutum yana sume, amma irin sumanki na 'yan mintoci ba ya ɗauke miki salla.

Da zarar kin ji jirin ya fara, ki zauna ko ki kwanta, kada ki daure. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Kuma lokacin da Annabi (SAW) ya ga igiyar da Zainab (RA) take riƙewa idan ta gaji da tsayuwar dare, cewa ya yi a kwance ta, wanda ya gaji ya zauna.

Azuminki kuwa ya inganta idan alfijir ya keto kina cikin hayyacinki, suman kuma bai wuce rabin yini ba. Amma idan alamomin faɗuwar sukari suka bayyana, ko kika ji tsoron halaka, buɗe baki ya zama dole, ki rama daga baya, kamar yadda aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta sauƙaƙa wa marar lafiya. Ina kuma roƙon mutanen gidanku kada su ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu a baki, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, in bai farfaɗo ba cikin minti ɗaya ko biyu a garzaya da shi asibiti.

Allah ne Mafi sani.