Hanyar bakin teku daga Porto zuwa Santiago

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hanyar masu ziyarar ibada ta Kirista ta bakin teku daga Porto a ƙasar Portugal zuwa Santiago de Compostela a ƙasar Sifaniya ta cancanci wahalarta. Ƙwarai kuwa. Kusan kilomita 280 ce, mako biyu a ƙafa. Iskar Atlantika ba ta wasa, ka tanadi rigar ruwa.

Amma don Allah kada ka wuce garin Viana do Castelo a guje. Jirgin ruwan Gil Eannes, gidan tarihi a yanzu, na nan a tasha, wanda aka ƙera a 1955 domin jinyar masunta da ke kamun kifi can tekun Newfoundland da Greenland. Shiga ka ga ɗakin tiyata da gadajen majinyata. A garin Caminha kuma kwale-kwale zai tsallakar da kai kogin Minho zuwa Sifaniya.