Sabarar da ta yi baƙi a leda

Kishiyata, saƙonki ya iso. Kin ce sabarar da kika sayo don wankan jego ta yi baƙi a leda, kuma kina son sanin ko "sassaƙen gabas da yamma" da 'yar mai ganye ke faɗi, wato sassaƙo ɓawon bishiya ta gefen gabas da na yamma kaɗai, camfi ne kawai.

Ta ledar dai laifinki ne. Ɗanyen ganye in aka ƙulle shi a leda gumi yake yi, kwana biyu sai fumfuna. Ranar da kika shiga Kasuwar Kurmi, ki tsaya wajen masu magani ki ɗaga kai. Ɗaurin sabara da tazargade da ɗoɗɗoya duk a rataye suke ƙarƙashin rumfa, iska na ratsa su. Ganye a inuwa ake shanya shi, bisa tabarma, ana juyawa, don rana na cinye masa launi da ƙamshi. Saiwa da sassaƙe, irin su sanya da hano da maɗaci, su ke jure rana. A wanke ƙasar, a faskara ƙanana, a bar su har sai in an karya sun ce ƙas. Daga nan sai tukunyar ƙasa ko buhun algarara, a ɗora bisa dutse saboda gara. Innata takan cusa busasshen ganyen darbejiya a ciki don ƙwari. Saboda sauƙin shanya ne masu sana'ar ke tara kaya daga kaka zuwa hunturu. Da damina kuwa kullum cikin fito da kaya shan iska suke.

Batun gabas da yamma, tsoffinmu sun ce maganin ya fi ci, wasu har tsabar gero suke zubawa a gindin bishiyar. Geron nan ban taɓa yarda da shi ba. Amma ki lura, wanda ya sassaƙi gefe biyu ya bar biyu, bishiya za ta warke, baɗi ya dawo ya samu. Wanda ya zagaye ta ya kashe ta. Dubi maɗatan bakin titi yadda aka feɗe su.

Dakakken gari kada ki saya sai wajen wadda kika sani, don ba ki san me aka haɗa ba. Sayi itacen, ki sansana, ki daka da kanki. Jaririn kuma ban da ɗura masa jiƙo, nono ya ishe shi har wata 6.

Waccan sabarar ki zubar. Ranar Juma'a zan ba ƙaninki busasshiya ya kawo miki.