Ɗan turi kaɗan a bakin layi, me ya kawo tuta?

TAMBAYA: Salam malam. Nakan kalli ƙwallon Amurka ta NFL a waya, abin da ke ɗaure min kai shi ne ƙarti suna ta maka juna da ƙasa alƙali ko a jikinsa, sai kuma wani ya ɗan ture wani a bakin layi ka ga an wurgo tuta ruwan ɗorawa. Wai meye bambancin? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ai lokacin da aka yi turin alƙali yake dubawa kafin ƙarfinsa. Da zarar mai riƙe da ƙwallo ya taka layin gefe, ko an kai shi ƙasa, ko an jefa ta ba wanda ya cafe, to ƙwallo ta mutu, ba sai an busa usur ba ma, usur ɗin sanarwa ce kawai. In ka bangaje shi bayan nan ka ja wa ƙungiyarka asarar yadi 15, in kuma kai mai tsaron baya ne a ƙara wa abokan karawa sabbin damammaki huɗu na matsawa gaba da ƙwallo. Kuma filin da masu ƙwallo suka ci a wancan zagayen yana nan daram, a kansa ake ɗora yadi 15 ɗin.

Ka tuna wasan Chiefs da Bengals na Janairun 2023, wanda mai nasara zai je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL? Ana 20 da 20, saura ƴan daƙiƙu, Patrick Mahomes na Chiefs ya ruga da ƙwallo ya fita fili, ƙafafunsa duk sun taka farin layi, sai Joseph Ossai na Bengals, haifaffen Legas ne ma, ya biyo shi a guje ya ingiza shi ta baya. Nan take tuta ta faɗo, bugun ƙafa na neman maki uku da zai kai wajen yadi 60 ya dawo 45, Harrison Butker na Chiefs ya zura, aka tashi 23 da 20. Ossai ya zauna a benci yana ta kuka wallahi abin tausayi.

Magoya bayan Bengals sun yi ta ƙorafi amma ni dai a ganina hukuncin daidai ne. Inda aikin alƙali ke da wuya shi ne ƙato ya taho da gudu an ce ya ja birki cikin taku ɗaya, dole a duba ko ya riga ya afka tun mutumin yana cikin fili, in haka ne akan ƙyale. Na Ossai kam ya samu sararin janye hannu bai janye ba.